Ma'aunin da Na Guje wa

Tun ina saurayi nake tara tsofaffin kuɗi, amma babu wanda ya shiga raina kamar shekel na Taya, birnin fataken Finikiyawa da ke gaɓar Bahar Rum, a kudancin Lebanon ta yau. An fara buga shi a shekara ta 126 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma saboda kyan azurfarsa da shi ake biyan harajin Haikalin Ƙudus. Gefe ɗaya kan gunkinsu Melkart ne, ɗaya gefen gaggafa ce tsaye a goshin jirgin ruwa. Duk na haddace wannan, har abokai suna ce mini masani, ni kuwa ina jin daɗi.

Da fatauci ya kai ni Beirut, wani dillali ya warware mini ƙyalle, sai ga wasu shekel na Taya suna ƙyalli. Kuɗin da ya yanka bai kai rabin abin da na sani ba. Na san araha ba ta ado, amma na ɗebi kuɗin da muka ware don gyaran rufin gida na biya. Uwargida ta ce, "Maigida, ka nuna wa wanda ya sani mana." Na ce ai ni ne wanda ya sani.

Sai da damina ta zubo mana a ɗaka na kai ɗaya wurin wani tsohon maƙerin azurfa don in sayar. Ya ɗora a ma'auni, ya juya bakinsa, ya nuna mini siririn layin da zubi ke bari. "Ɗana, wannan narkawa aka yi aka zuba, ba bugun guduma ba ne. Dalma ce aka shafa wa ruwan azurfa."

Ba maganarsa ce ta fi ƙona ni ba. Na daɗe da sanin cewa shekel na gaskiya yana kai giram 14, ina kuma da ma'auni a gida. Ban taɓa auna su ba, domin can cikin zuciyata ina tsoron amsar. Dillalin ya cuce ni sau ɗaya, ni kuwa kullum nake sabunta cutar da kaina.

Ɗan'uwa, ko ciniki ne, ko neman aure, ko abota, duk abin da ka ga kana ƙin bincikawa saboda kana son sa, shi ne ya fi buƙatar bincike. Ka auna tun kuɗinka na hannunka.