Aro Da Amana A Unguwar Moduganari

Baƙon da ya sauka Maiduguri, birnin da aka kafa a 1907 a bakin kogin Ngadda, idan ya ratsa unguwar Moduganari da la'asar, zai tarar da dattawa sun shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, yara kuwa suna ta kai da kawowa tsakanin gidaje. Wannan ta ɗauko turmi, wancan ya saɓo tsani. Akasarin kayan nan na aro ne.

A birnin Berkeley na ƙasar Amurka akwai laburaren da tun 1979 yake ba da aron guduma da zarto, kamar yadda ake ba da aron littafi. Mutumin Barno ba zai yi mamakin wannan labari ba, gama ya gaji irinsa, sai dai nasa babu kati, babu hatimi.

A zauren malami, littattafan da aka rubuta da hannu ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa suke cikin gafaka. Saboda haka ɗalibi yakan ari 'yan warƙoƙi ya kwafe, ya mayar, sa'an nan ya karɓi na gaba. A zauren nan kuma ake raɗa suna, a sasanta masu husuma. Masallaci shi ke ajiye makara da diga da shebur, ranar rasuwa attajiri da matalauci duk nan suke zuwa ɗauka. Manyan tukwanen biki kuwa suna hannun mata, suna zaga gidaje.

Amfanin wannan al'ada ya fito fili a watan Satumba na 2024, sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya malale unguwanni da yawa na birnin. Wanda ya tsira da tufar jikinsa kaɗai, da tukunyar aro aka sake ɗora girki a gidansa.

To, amma abin duk a kan amana yake rataye. Tsani in ya tafi bai dawo ba, mai shi ya daina ba da aro ke nan, unguwa duka ta yi asara. Nan ne rajistar laburare take da rana. Da hukuma za ta keɓe ɗaki a irin wannan unguwa, a ajiye keken ɗinki da baro tare da littattafai, a riƙa rubuta mai ɗauka da ranar mayarwa, da saurayin da ba shi da jari ya sami abin fara sana'a. Allah ya sa masu iko su duba.