Daga Dogondutsi zuwa Tibiri: agogon da hannu ke ba wuta

Duk wanda ya baro Yamai ya miƙi hanyar kwalta ta gabas, ya wuce Doso da Kore Mai Ruwa, bayan tafiyar kilomita 270 da ƴan kai zai hangi jajayen duwatsun da suka ba Dogondutsi sunanta. Nan ne cibiyar ƙasar Arewa, a bakin Dallol Mauri, tsohon kwarin da ruwansa ya nutse ƙarƙashin rairayi amma bai yi nisa ba, shi ya sa garake ke yin kore ko da rani. Baƙo yakan zo nan domin labarin Lugu, inda Sarauniya Mangu ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, ko kuma domin dankalin turawa na gefen tafki. To amma a cikin kasuwa akwai wani ɗan tebur da ba kowa ke tsayawa gabansa ba, wanda shi ma yana da nasa labarin: teburin mai gyaran agogo.

Kayan aikinsa ba su da yawa: gilashin ido ɗaya, da hantsaki, da ƴan sukurdireba, da gwangwani cike da matattun agogo, sai kati-katin ƙananan pil masu kama da maɓallin riga, waɗanda a ƙetaren iyaka, wajen Bacaka da Kangiwa, ake kira batir. Mafi yawan aikinsa a yau bai wuce buɗe bayan agogo, a cire tsohon pil a sa sabo ba. Da can kuwa, lokacin da alhazai ke dawowa daga Makka da agogon wani, shi ke wanke haƙoran ciki, ya sa mai, ya daidaita gudu. Abin da ya sauya sana'arsa ya faru ne can nesa, a Japan, ranar 25 ga Disamba 1969, da kamfanin Seiko ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da ɗan dutsen kwartz. A irin waɗannan agogo na yau, dutsen yana kaɗawa sau 32.768 a daƙiƙa guda, kuma ba ya yi sai da wutar lantarki. Tun daga nan agogo ya zama bawan pil.

Wutar da agogo ke ci kaɗan ce ƙwarai, wajen kashi ɗaya cikin miliyan na wat. Wannan ne ya sa masu ƙira suka tambayi kansu: me zai hana a sa wa agogo injin wutarsa a ciki? Seiko ya nuna samfurin farko a baje kolin Basel ta ƙasar Suwis a 1986, ya fara sayarwa a 1988, daga baya aka raɗa masa suna Kinetic. Mai karatun da ya taɓa hawan keke mai dinamo ya riga ya san sirrin. A bayan agogon akwai wani ƙarfe mai siffar rabin wata, wanda ke juyawa duk lokacin da hannu ya motsa. Jerin haƙora na ruɓanya wannan juyi wajen sau ɗari, su miƙa shi ga wani ɗan maganaɗisu da bai kai ƙwayar gero biyu ba, shi kuma ya yi ta wulwulawa kusa da naɗin wayar tagulla, har juyi dubu goma-goma a minti. Wutar da ta fito sai a tara ta cikin ma'aji, agogo ya riƙa ci a hankali. Dokar da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831 ke nan, aka matse ta cikin abin da bai fi faɗin dala ba.

Daga Dutsi in aka koma kudu, aka ratse a Kore Mai Ruwa, hanya na bin kwarin har Tibiri, wadda ta zama gundumar kanta a 2011 tare da Dumega da Gecheme da Kore Mai Ruwa. A wannan hanya babu hannun da ke hutawa. Ga mai jan guga a bakin rijiya, ga mata na daka, ga mai ban ruwan albasa, ga mai tuƙa amalanke, da damina kuma ga manomi da hauyarsa tun hantsi har la'asar. Da za a ɗaura wa kowanensu irin wancan agogo, da ma'ajinsa ba zai taɓa ƙafewa ba. Abin mamaki, masu iya sayensa galibi mutanen ofis ne na manyan biranen duniya, waɗanda hannunsu ke yini bisa tebur, har wasunsu sai sun girgiza agogon kafin ya tashi. Inda ƙarfin yake babu kuɗin, inda kuɗin yake babu ƙarfin.

Me ya sa bai yi arha ba? Dalili na farko yawan kayan ciki ne. Kowane haƙori sai an yanka shi daidai da ma'aunin da ido ba ya gani, wayar naɗin ta fi gashin kai siranta, maganaɗisun kuma daga ƙarafa masu wuyar samu ake yinsa. Masu ƙira sun daɗe da sanin cewa arha na zuwa ta hanya biyu: rage kaya da yawaita adadi. Kamfanin Swatch na Suwis ya tashi a 1983 da agogon roba mai kaya 51 kacal, injuna ke haɗa shi. Miyota na Japan kuwa ya buga injin agogonsa mai lamba 2035 fiye da miliyar ɗaya, har kuɗin guda ya zama ba a bakin komai ba. Agogon Casio F-91W na 1989, wanda ya cika kasuwannin ƙasar Hausa, pil ɗaya na kai shi wajen shekara bakwai. To wa zai biya kuɗin buhunan gero domin ya huta da sayen pil sau ɗaya a ƴan shekaru? Dalili na biyu, ma'ajin wutar shi ma yana gajiya, sai an canza shi, kuma ba a samunsa a teburin kasuwar ƙauye. Tun bayan karyewar darajar sefa a watan Janairu 1994, da kuɗin kayan waje ya ruɓanya dare ɗaya, mutumen Arewa ya koyi tambayar kuɗin gyara kafin kuɗin saye.

Sai dai arhar pil tana da bashin da ba a rubutawa. Wanda aka cire a ƙasa yake ƙarewa, ƙasar da ruwan sha ke kusa da samanta. Tsofaffin pil da yawa suna ɗauke da zaiba, gubar da yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta nemi a raba duniya da ita. Masu faɗin nan na litiyom kuwa, in yaro ya haɗiye ɗaya ya maƙale masa, yana iya ƙona maƙoshinsa cikin awa biyu. Gwangwani mai murfi a gefen kowane tebur, da jan kunnen iyaye, ba sa bukatar taimakon kowace ƙasar waje.

Akwai kuma hanya ta uku, wadda ta fi dacewa da ƙasar nan. Tun 1976 kamfanin Citizen ya fitar da agogo mai hannuwa da ke cin hasken rana. Farantin da ke ƙarƙashin fuskarsa ba ya juyawa, ba ya goguwa, ƙura ba ta cin haƙoransa tunda ba shi da su, shi ya sa ƙirarsa ta fi sauƙi, har Seiko ma ya fi karkata can a yau. Ba baƙon tunani ba ne a Nijar: marigayi Abdu Mumuni Jofo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, rayuwarsa ya ƙarar yana nuna cewa rana ce dukiyar da ba mai iya rufe mana iyakarta. An ga gaskiyarsa a Agusta 2023, sa'ad da Nijeriya ta yanke wutar da take turowa, ƙasa ta yi watanni cikin ɗauke-ɗauke.

Ba a sa ran masana'antar ƙananan injunan wuta a Dutsi ko Tibiri nan kusa, domin wannan aiki ne na miliyoyin kai. Amma a gwangwanin mai gyara akwai makaranta kyauta. Cikin kowane mataccen agogo mai hannuwa akwai naɗin waya da ɗan maganaɗisu, wato ɗan injin da Bafaranshe Marius Lavet ya ƙirƙiro a 1936. Wuta ke juya shi, in kuwa aka juya shi da hannu shi ke ba da wuta. Yaron da aka nuna wa wannan, gobe shi zai gyara famfon rana na garake da fitilun asibitin ƙauye. Salula ta ƙwace wa agogo aikin faɗin lokaci, masu teburin nan kuma suna tsufa. Da makarantun koyon sana'a na jihar Doso za su jawo su tun idonsu na gani, da an ci riba, domin da tsohuwar zuma ake magani.