Bayan An Kashe Dodo

Duk wanda ya taɓa sauraron tatsuniya ya san ba kowane "ƙurunƙus" ne ke sallamar yara ba. An kashe Dodo, an ceto yarinya, amma sai wani yaro ya ce, "To, Kaka, ina akuyar nan da ta nuna musu hanya?" In tsohuwa ba ta da amsa, da ƙishirwa yaron nan zai kwana.

A zamanin nan akwai wata irin tatsuniya wadda ba da baki a ke yin ta ba. Wasa ne na kwamfuta, inda mai wasa shi ne jarumin labarin, shi ke zaɓen hanya da abokan tafiya. Akwai wani mai suna Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya fitar a watan Agusta 2023. A cikinsa an sa wa jarumi wata muguwar tsutsa a cikin ka, ya gamu da waɗansu masu irin ciwonsa, suka ɗunguma neman magani. Wani kan yi awa 100 yana tafe da su, sansaninsu ɗaya, har ya san mai girman kai, ya san mai raha, ya san abin da ke cin ran kowa. Daga ƙarshe a gwabza yaƙi, a ka da maƙiyi. Sa'an nan fa? 'Yan kalmomi a tashar jiragen ruwa, shi ke nan, kowa ya watse.

Masu wasa da yawa suka yi ta ƙorafi, kuma suna da gaskiya. Ran 30 ga Nuwamba 2023 kamfanin ya ƙara wani babi. Wata 6 bayan yaƙin a ke tara abokan tafiya a yi liyafa, mai wasa ya bi su ɗaya ɗaya yana tambayar bayan rabuwa, har ya karanta wasiƙun waɗanda ya gamu da su a hanya. Ba kowa ne ya sami sauƙi ba. Akwai wata jaruma, Karlach, wadda aka sa mata inji a maimakon zuciya, yana ƙuna a ƙirjinta, kuma liyafar ba ta warkar da ita ba. Duk da haka babin ya kwantar da rai, don an san inda kowa ya ke.

Mutanen Ngaski da Yauri ba sai an yi musu dogon bayani ba, gama sun ga irin wannan da idonsu, kuma nasu ba wasa ba ne. A 1964 aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara, aka gama a 1968. A littattafan makaranta nan labarin ya ke tsayawa: an tare kogi, an sami wutar lantarki, madalla. Amma ruwan da aka tare ya taru ya zama tafki, ya haɗiye tsohon garin Bussa da tsibirai da gonaki, aka ta da mutum wajen 44,000. Cikinsu har da Gungawa, masu noman albasa da su a tsibiran kogin tun kaka da kakanni. Aka kai su gidajen siminti a sababbin ƙauyuka, maƙwabta suka rabu, maƙabartu suka zauna ƙarƙashin ruwa.

Su kam ba wani kamfanin da zai ƙara musu babi. Wanda ya rage shi ne tsohon da ya ga tashin yana yaro, yanzu kuwa irinsa sun haura shekara 60. In mai karatu ya zauna da ɗayansu a Wara ko a Yelwa, ya tambaye shi labarin tafki, da wuya ya daɗe kan zancen lantarki. Sai ya shiga lissafi da yatsu: gidan wane suna nan gaɓar gabas, gidan wane sun haye Borgu, wane mai babban jirgi bai ƙara kama albasa ba har ya rasu. In ya zo kan sunan da bai san inda mai shi ya ƙare ba, ya kan yi shiru, ya bar yatsan a miƙe, sa'an nan ya ci gaba.