Gurbi uku a takarda, gida ɗaya a karkara

Ɗalibar da ta sauka a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi domin binciken kundin digirinta tana riƙe da takardar tambayoyi mai gurbi uku: Musulmi, Kirista, mai addinin gargajiya. A gidan farko lissafin ya rikice mata. Maigidan ya musulunta tun yana saurayi, ƙanensa dattijo ne a majami'ar ECWA, mahaifiyarsu kuwa har yanzu tana yanka wa iskokin gidan kaza kafin shuka. Tukunya ɗaya ke ciyar da su duka.

Aikin irin waɗannan ɗalibai yana da nauyi, domin ƙidayar jama'ar Nijeriya ta 1991 da ta 2006 ba su tambayi addini ba. Alƙaluman hukuma na ƙarshe na 1963 ne. Bayani kan Maguzawa kuma har yau yakan jingina da littafin Ba'amurken nan Joseph Greenberg na 1946, wanda ya gina bisa zamansa a ƙasar Kano kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Tun daga lokacin wa'azi da aure da ƙaura sun sauya ƙauyukan matuƙa. Gurbin "Musulmi" kansa ya haɗa Baƙadire da Batijjane da ɗan Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978, alhali a ƙauye wannan bambanci yakan tantance masallacin da mutum zai yi sallah.

Wahalar da ta fi girma ita ce amsar kanta. Idan mai unguwa ne ya raka ɗaliba, tsohuwa za ta faɗi abin da kunnensa ke son ji. Idan ta keɓe da ita har ta buɗe mata ciki, to ta ɗora mata amana: sunan da ya fita a kundi yana iya jawo wa jikanya fasa aure, ko ya sa a daina cin abincin gidan.

Ɗalibar ta ajiye gurabun. Ta koma tambayar wa ya raɗa wa jariri suna, wa ke wanke gawa, ranar wace salla ake kai wa maƙwabci tuwo. Ta sakaya sunayen mutane da na ƙauyen. Gidaje kaɗan ta iya zagawa a kwanakin da take da su, amma babu wanda ya kwana da fargaba saboda zuwanta.