Albishirin Da Ya Ɓata Wa Kawu Rai

Duk ranar Litinin, bayan labarun rana, nakan karanta wa masu saurare farashin cimaka a kasuwar Maraɗi: tiyar gero, tiyar dawa, wake, masara, sai buhun shinkafa a ƙarshe. Shi ne aikin farko da aka damƙa mani da na shiga gidan rediyo, don a lokacin babu wanda yake son shi.

Wata Litinin a ƙarshen shekarar 2015 na duba takardata na ga buhun shinkafar waje ya sauka. Na gyara murya na ce, "Albishirinku masu saurare, shinkafa ta yi sauƙi!" Har na ƙara da raha cewa uwargida ta ɗora tukunya, yau babu uzuri.

Da marece na koma gida na tarar da Kawu, ƙanen mahaifiyata, zaune bisa tabarma. Suna ya kawo shi daga Gaya, inda yake noman shinkafa a bakin kogin Kwara. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, sannan ya ce, "Ɗana, na ji albishirinka a rediyon mahaifiyarka. Sai dai ka yi haƙuri, ni ba ni da goron da zan ba ka."

Na ce, "Kawu, wani laifi na yi muku?"

Ya ce ba laifina ba ne. Ya baro shanshera jibge a ɗaki, ga bashin taki da kuɗin ruwa suna jiran shi, kuma duk ɗan kasuwar da ya zo taye sai ya ce masa ai ta waje ta yi araha, wa zai sayi ta gida da tsada? Abin da na kira albishir, shi ne ya hana shi barci tun da aka yi girbi.

Na kwana da maganar. Washegari na je wurin wani mai babban shago na duba rubutun da ke jikin buhunan. Da yawansu daga Tailan suka fito, ta tashar ruwan Kwatano. Daga nan na fara bin labarin, na kuma gano cewa arahar nan wani manomi ne ya riga ya biya kuɗinta a can.

A shekarar 2011 Yingluck Shinawatra ta ci zaɓe a Tailan da alƙawarin cewa gwamnati za ta sayi shanshera daga hannun manoma a kan baht 15,000 kowane tan, kuɗin da ya zarce na kasuwa nesa ba kusa ba. A lokacin Tailan ta yi wajen shekara talatin tana kan gaba wajen fitar da shinkafa a duniya. Lissafin shi ne, idan aka kulle shinkafar a rumbu ta yi ƙaranci a kasuwar duniya, farashi zai hau, sai a fito da ita a sayar da riba. Manomi ya samu, gwamnati ba ta yi asara ba.

Lissafin bai yi la'akari da maƙwabta ba. A watan Satumba na wannan shekarar Indiya ta ɗage haramcin da ta sa kan fitar da shinkafarta ta gama-gari. Masu saye suka juya can da Biyetnam. A 2012 Indiya ta karɓe matsayi na ɗaya, Tailan ta koma ta uku. Farashin duniya bai hau ba, rumbuna kuwa sai cika suke yi, har da shinkafar da ake satar shigowa da ita daga Kambodiya da Myanmar don a sayar wa gwamnati. Kafin a rufe shirin an tara kusan tan miliyan 18.

Da kuɗi suka ƙare, wanda aka yi shirin dominsa shi ya fara shan wuya. A farkon 2014 manoma sun yi watanni ba a biya su ba, ga takardar shaidar sun kai shinkafa a hannu, ga masu bin su bashi a ƙofa. Suka tare hanyoyi, wasu suka yi tattaki har Bankok. A watan Mayu sojoji suka karɓi mulki. Da aka binciki rumbunan, aka tarar mafi yawan shinkafar ta fara lalacewa. Aka shekara da shekaru ana gwanjonta, wadda ba ta ciwuwa aka mai da ita abincin dabbobi da man ethanol. Ita kuwa Yingluck, kotu ta yanke mata ɗaurin shekara biyar a 2017, bayan ta riga ta bar ƙasar. Har a 2024 akwai ragowar wannan shinkafa, ta shekara goma a ajiye, sai da ministan kasuwanci ya ci ta gaban 'yan jarida don ya nuna tana ciwuwa.

Muddin 'yan kasuwar duniya sun san akwai miliyoyin tan da ake neman kai da su, babu mai taya sabuwar shinkafa da daraja. Abin da ya danne farashi ke nan tun daga Bankok har Kwatano, ya haye gadar Malanbil ya iske Kawu a ɗakinsa.

Bayan shekara takwas na ga ɗaya fuskar al'amarin. Ranar 20 ga Yulin 2023 Indiya, wadda ke da kusan kashi 40 cikin ɗari na shinkafar da ake cinikinta tsakanin ƙasashe, ta hana fitar da farar shinkafa in ban da basmati. Rumbunan gwamnatinta ba a fayau suke ba. Tsoron ƙarancin ruwan sama da hauhawar farashi a gida ne, ga zaɓe na tafe, ga mutane wajen miliyan 800 da take raba wa hatsi kyauta. Farashin duniya ya kai inda bai kai ba cikin shekara goma sha biyar. Kwana shida bayan haka aka yi juyin mulki a Yamai, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, manyan motoci suka yi layi a tsallaken kogi. Duka biyun suka faɗo mana lokaci guda, kuma cikin damina.

Makonnin nan na karanta farashin da ni kaina na ji nauyin faɗa. Wata uwa ta bugo waya cikin shiri ta ce 'ya'yanta shida, ta daina tambayar kuɗin buhu, yanzu da kofi take awo. Da na fito na ce to, ko ba komai yau ranar Kawu ce. Na buga masa.

"Kawu, bana kam kun dace."

Ya yi dariya wadda ba ta daɗi ba. Ya ce shinkafar rani tun watan Yuni ya sayar, don ya biya bashi ya ɗauki sabon taki. Buhunansa suna shagon wani a cikin gari, kuɗinsu ya hau a hannun wanda bai taɓa shiga laka ba. Shi ma yanzu tiya-tiya yake saye. Ya ce, "Ɗana, in ta sauka ni ne, in ta hau ma ni ne."

Ban zama mai adawa da ajiyar gwamnati ba. Ina yaro matashi a 2005 lokacin da yunwa ta shigo jihar Maraɗi, na ga mata goye da yara suna layi a cibiyoyin tamowa. Wanda ya ga wannan ba zai raina rumbun ƙasa ba, kuma na san gidajen da hatsin rahusa na OPVN ya tsallakar da su damina. Haka kuma na fahimci abin da ya sa hukumominmu suka hana fitar da hatsi a watan Oktoban 2024, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso. Kowace gwamnati cikin mutanenta take fara dubawa, Indiya ma abin da ta yi ke nan.

Amma rumbun da aka yi don yunwa daban, wanda aka yi don caca da farashi daban. Kakanninmu sun san ranar cika rumbu, sun san ranar buɗe shi, kuma ba su barin hatsin bara ya ruɓe ƙarƙashin na bana. Tambayoyi uku nake yi wa duk jami'in da ya shigo shirina yanzu. Yaushe kuke saye, da kaka lokacin da hatsi ke hannun manomi, ko bayan ya koma hannun ɗan kasuwa? Kuɗi hannu kuke biya, ko takarda? Yaushe kuke buɗewa, cikin damina da mutane ke buƙata, ko daidai lokacin girbi da zai karya manomi? Wasu sukan amsa, wasu su yi ta kewaye-kewaye, masu saurare kuma suna ji.

Ni ma na gyara aikina. Yanzu farashi biyu nake karantawa: abin da mai saye ke biya a kasuwa, da abin da aka ba manomi a bakin gona. Tazarar da ke tsakaninsu takan sa wayoyi su yi ta shigowa. Kalmar albishir kuwa na cire ta daga shirin.

Da kakar da ta wuce Kawu ya bugo mani da kansa. Ya ce su da 'yan ƙungiyarsu sun haɗa kai sun riƙe wani kaso na shanshera, ba za su sayar ba sai bayan wata uku. Na tambaye shi ko ba ya tsoron ta waje ta sake faɗuwa kafin nan. Ya ce yana tsoro, shi ya sa yake so in riƙa turo masa farashin kowace Litinin ta waya. Tun daga ranar, shi nake fara turawa kafin in shiga ɗakin watsa shiri.