Shuni da anko

Launi ba ya shiga gari shi kaɗai. Kuɗi ke yi masa rakiya. A da, rawanin da ya sha baba a karofin Kura ta ƙasar Kano, aka buge shi har ya yi walƙiya, shi ne adon mai hali daga Damagaram zuwa Agadas. Yana zuba a fatar mai shi, amma babu mai ganin aibinsa, domin shaida ce ta tsadar da aka biya.

A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta. Sannu a hankali rini ya yi araha, launuka suka yawaita, karofi da dama suka bushe. Ni kam har yau idona na ga wancan shuɗi mai duhu, sai dai wa ke tambayata? Ranar biki a Maraɗi, ƙawayen amarya ke fidda anko, dangi duka su bi, ko launin ya karɓe su ko bai karɓe su ba. Wadda ba ta da kuɗin turmin atamfar kuwa takan ƙirƙiro ciwon kai, ta zauna gida.