Kuɗin da ba ya sayen goro

Aminina,

Na ga tsokanar da ka yi mini, wai ina zubar da kuɗi mai kyau a kan kuɗin da ko goro ba zai saya ba. To, saurara.

Abin da na fi ji da shi a akwatina wata tsaba ce da Turawa ke kira groat, kwabo huɗu ke nan, ta zamanin Sarki Edward na Uku, irin wadda aka shiga bugawa a 1351. Da guduma aka buge ta, shi ya sa ta ɗan karkace, gefenta kuma duk a gutsure, don mutanen da can sukan yanke bakin tsaba su tara azurfar. Rubutun Latin ne, an gajarce shi, sai da tabarau nake haɗa haruffan: REX ANGL Z FRANC, wato sarkin Ingila da Faransa. Ka ji cika baki! Calais, gari na ƙarshe da ya rage wa Ingila a Faransa, ya suɓuce a 1558, amma sarakunan Ingila ba su saki wannan laƙabi ba sai 1801.

Henry na Takwas ma ya fi ban dariya. Paparoma Leo na Goma ya naɗa shi mai kare addini a 1521, daga baya ya yi wa Roma tawaye, ya kuma riƙe naɗin. Har yau naɗin nan, a gajarce F.D., na kan kuɗin Ingila. Shi ne kuma daga 1544 ya riƙa cuɗa azurfa da tagulla, har idan tsabar ta sha hannu sai hancin sarki ya yi ja. 'Yarsa Elizabeth ce ta gyara ɓarnar a 1560.

Yanzu ga roƙona. Sulallan da aka fara bugo wa Afirka ta Yamma a 1913, masu kan George na Biyar, azurfa ce, kuma da Latin ɗin a jikinsu. Don Allah ka duba tsohon gwangwanin Hajiya Kaka ko da sule ko sisi ya maƙale. In ka samu, kada ka yarda a goge shi da toka ko lemun tsami, baƙin da ya yi ɗin nan masu saye ke so. Ka naɗe shi a takarda kawai, sai na zo da sallah.

A gaishe mini da mutanen gida.

Naka amini